Tsibiran da Suka Zama Tudu: Karon Farantan Ƙasa da Asalin Duwatsun Tirmini da Damagaram

Tsakure

Takardar nan tana bin diddigin duwatsun da ke tsakanin Tirmini da birnin Damagaram, wato Zinder. Hujjar da take kafawa ita ce ƙasar da suke zaune a kanta an harhaɗa ta ne daga ɓallayen nahiya da tsibirai waɗanda teku ya taɓa rabawa, kafin karon farantan ƙasa ya matse su wuri guda kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. An ɗauki tsibiran Indonesiya a matsayin madubi, domin aikin da ya ƙare a nan, can yana kan gudana. An kuma duba yadda wannan tsohon tarihi yake raba rijiyar da za ta yi ruwa da wadda ba za ta yi ba.

Gabatarwa



Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san wannan karin magana tana da iyaka. Na taɓa kwana biyu ina zuwa bakin wata rijiya da ake haƙa a wani ƙauye kusa da Tirmini, gefen hanyar da ta nufi Takeita, cikin tsananin bazara. Mahaƙin yana ciki, yaransa biyu suna jan ƙasa da guga. Tulin da suka zubar a gefe ya nuna abin da suka ratsa: jan yashi, sai tsakuwa, sai wata farar ƙasa mai ƙyalli wadda ke marmashewa a tafin hannu kamar gishiri. Dattawan da ke zaune a inuwa suka ce alama ta yi kyau. Washegari da hantsi ƙarar digar ta sauya, ta koma mai kaifi, mahaƙin ya ɗago kai ya ce, "Mun iske fa." Gaba takwas aka yi, ko danshi babu. A wani ɗan kwari da bai fi tafiyar minti goma daga wurin ba, akwai tsohuwar rijiya da mata ke ɗiba har ƙarshen rani.

Me ya raba rijiyoyin nan biyu? Ruwan sama ɗaya ne ke sauka a kansu, kimanin milimita 400 a shekara. Bambancin yana cikin dutsen, kuma ba a gane dutsen sai an san yadda aka yi ya zo nan.

Faranti da yadda yake nutsewa

Ɓawon duniya ba dunƙule yake ba. A tsattsage yake, kamar sakainu a kan ruwan kwatarniya, kowace tana tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara, gwargwadon tsiron farce. Waɗannan sakainu su ake kira farantan ƙasa. Bajamushe Alfred Wegener ya kawo batun tafiyar nahiyoyi tun 1912, aka ƙi shi, sai a shekarun 1960 da aka auna ƙasan teku hujja ta cika.

Abin da ya shafe mu shi ne ɓawon iri biyu ne. Na ƙasan teku siriri ne, kaurinsa wajen kilomita 7, amma baƙin dutsensa yana da nauyi. Na nahiya ya kai kilomita 35, sai dai bai kai wancan nauyi ba. Idan faranti biyu suka tunkari juna, mai nauyin ne ke sunkuyawa ya kutsa ƙarƙashin ɗan'uwansa. Da ya kai zurfin kilomita 100 ko kusa da haka, ruwan da ya tafi da shi a jikinsa yakan fita ya sa dutsen da ke samansa ya narke. Narkakken ya taso ya huda ƙasan teku, ya yi ta aman wuta yana taruwa har ya leƙo saman ruwa. Shi ya sa tsibiran da aka haifa ta wannan hanya suke jeruwa a layi mai lanƙwasa kamar baka, da rami mai zurfi a gabansu.

Madubin Indonesiya

Babu inda ya fi Indonesiya nuna wannan aiki a fili. Ƙasa ce mai tsibirai wajen 17,000, a mahaɗar farantin Ostireliya da na Asiya da na tekun Fasifik. Farantin Ostireliya yana matsowa arewa da kimanin santimita 7 a shekara, yana nutsewa a ramin Sunda, kudu da Sumatara da Jawa. Daga wannan nutsewa aka sami Tambora da ya fashe a 1815, da Kirakatau a 1883, da girgizar ƙasar 26 ga Disamba 2004 wadda igiyarta ta shafe gaɓar Ache.

Amma abin da ya fi jan hankalina yana gabas, a Timor. Can ƙasan tekun da ke gaban Ostireliya ya riga ya nutse ya ƙare, gefen nahiyar da kansa ya iso bakin ramin. Nahiya kuwa ba ta nutsuwa da sauƙi, kamar yadda gora ke ƙin zama a ƙasan ruwa. Sai ta cije. Duwatsun gefenta suka nannaɗe suka hau kan juna, har tsaunin Ramelau ya kusa mita 3,000. Murjanin da ya tsiro a cikin teku yau ana iske shi ɗaruruwan mita sama da ruwa, hawa-hawa kamar matakala. Duwatsu masu aman wuta na tsibiran Wetar da Atauro, da ke arewa da Timor, sun mutu, domin abin da ke ciyar da su ya yanke. Idan Ostireliya ta ci gaba da tafiyarta na wasu miliyoyin shekaru masu yawa, tekunan da ke tsakanin tsibiran za su rufe ɗaya bayan ɗaya, tsibiran su manne, a wayi gari da dogon jerin tsaunuka a tsakiyar tudu.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan hoto, domin shi ne ya faru a ƙasarmu.

Tekun da ya ɓace

Matafiyin da ya taso daga Tera ya bi ta Yamai da Doso da Maraɗi ya sauka Damagaram yana ganin ƙasa ɗaya ya ratsa. A ƙarƙashin yashi ba haka ba ne. Tera da yankin Liptako suna zaune a kan tsohuwar nahiyar Afirka ta Yamma, wadda masana ke kira kiraton, duwatsunta sun haura shekara biliyan 2, kuma tun wancan zamani ba su sake narkewa ba. Damagaram kuwa tana kan wata ɗamara daban, wadda ta taso daga Ahaggar ta Aljeriya, ta bi ta Adrar na Ifogas da Abzin, ta sauka arewacin Najeriya har Binin da Togo. Tsakanin biyun da teku ne. Masana sun raɗa masa suna tekun Farusiya.

A 1964 W. Q. Kennedy na Jami'ar Leeds ya lura cewa duwatsu a sassa da yawa na Afirka suna ba da shekaru kusan iri ɗaya, wajen miliyan 500 zuwa 600, ya kira abin da ya same su tashin tsaunukan Pan-Afirka. A lokacin ana ganin zafi ne kawai ya taso daga ƙasa ya sake gasa tsofaffin duwatsu a inda suke. Sai a 1979 Russell Black da Renaud Caby da abokan aikinsu suka buga maƙala a mujallar Nature suna cewa abin da ke gabashin kiraton ɗin duk alamun rufewar teku ne da karon nahiyoyi, irin wanda ake gani a yau.

Hujjojin suna nan a ƙasa, ana iya zuwa a taɓa su. A kwarin Tilemsi, arewa da Gawo a Mali, akwai ragowar jerin tsibirai masu aman wuta da suka tsiro a tsakiyar teku shekara miliyan 730 zuwa 710 da suka wuce. A Amalawlaw cikin Gurma akwai saiwar wani jerin irinsa, wato ɓangarensa na can ƙasa, wanda karo ya tono ya ɗora a kan gefen nahiya. Awon nauyin ƙasa ya nuna wani layi na duwatsu masu nauyi da ya bi gefen kiraton ɗin daga arewa zuwa kudu, ya ratsa yammacin Nijar a ɓoye ƙarƙashin yashi da laka, ya ɓullo a tsaunukan Kabiye na Togo. Wannan layi shi ne wurin da bakin tekun biyu suka haɗu. Idan ƙwarya ta tsage aka kai wa gyartai, yakan huda gefen biyu ya ɗinke. Ƙwaryar ta koma aiki, amma ɗinkin ba ya ɓacewa, kuma ran da za ta sake fashewa ta nan za ta fara. Haka ɗinkin nahiya yake.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ganina ƙanƙanuwa ce, sai da madubin ƙara girma ake ganinta. A 1994 Caby ya ba da labarin samun ma'adinin kowisait a cikin duwatsun Gurma. Kowisait farin dutsen ƙanƙara ne da matsi ya sauya wa tsari, kuma ba ya samuwa sai a zurfin da ya kai kilomita 90 ko fiye. Ma'anarsa, gefen nahiyar Afirka ta Yamma an ja shi cikin rami har wannan zurfi kafin ya cije ya dawo sama, daidai abin da ke samun gefen Ostireliya a Timor. Bincike na baya ya sami irin waɗannan duwatsu masu shaidar zurfi a Togo da arewa maso gabashin Barazil, shekarunsu na kusa da juna, wajen miliyan 610. A lokacin babu tekun Atilantika, Barazil tana manne da mu. Jerin tsaunukan da ya tashi ya kai tsawon kilomita 2,500, ana kwatanta shi da Himalaya.

To ina tsibiran suka shiga? A 1994 Black da Jean-Paul Liégeois da sauran abokansu suka nuna cewa duwatsun ƙasar Abzinawa, daga Ahaggar zuwa Ifogas da Abzin, ɓallaye 23 ne, kowane da tarihinsa. Wasu tsibiran aman wuta ne, wasu gutsattsarin tsohuwar nahiya ne, kamar yadda Sulawesi ta yau take haɗin gambiza. Da kiraton na yamma da wata tsohuwar nahiya ta gabas, wadda ke ƙarƙashin Saharar Chadi da Libiya da Sudan, suka matse su, sai ɓallayen suka rasa wurin zuwa, suka riƙa zamewa suna gogar juna daga kudu zuwa arewa, wasu tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wuraren gogar sun zama manyan tsagu masu bin arewa da kudu.

A Abzin, wanda shi ne maƙwabcinmu na kusa, ɓallaye uku aka rarrabe: Asode a yamma, Bargot da Awzeger a gabas. A cikin Awzeger akwai gutsuren ƙasan teku da aka ɗaga aka jingina a kan tudu. Tsagar Ragan ce ta raba Asode da sauran biyun, tana bin layin digiri 8 da rabi na gabas. Birnin Damagaram yana dab da digiri 9, Tirmini kuma tana tsakanin layukan biyu. Daga kudancin Abzin duwatsun suna nutsewa ƙarƙashin yashin Damargu, su sake ɓullowa a Damagaram da Muniyo, su sake ɓuya, su fito a ƙasar Kano da Katsina da kudancin Maraɗi. Masana da dama suna ganin tsagar Ragan ba ta tsaya a Abzin ba, ta ci gaba kudu har cikin Najeriya. Ni ma a nan nake, domin duwatsun gefen biyu na yashin shekarunsu da shimfiɗarsu sun yi daidai. Damagaram taga ce da ta buɗe a tsakiyar wannan ɗamara, tsakanin kwarin Iwillimmedan a yamma da kwarin Chadi a gabas.

Duwatsu iri biyu, kada a gwama su

A nan ake yawan kuskure, har a cikin aji. Mutum ya ji labarin karo, sai ya nuna kowane dutse ya ce karo ne ya haife shi. Tun 1911 J. D. Falconer, da yake nazarin Arewacin Najeriya, ya raba giranit gida biyu, tsoho da sabo, kuma rabon yana aiki a Damagaram.

Tsohon shi ne ɗan karo. Ya narke a can ƙarƙashin tsaunuka, ya daskare a hankali a zurfin kilomita masu yawa, tare da duwatsun nais masu zane-zane kamar saƙi, waɗanda matsi ya lanƙwasa suna da zafi. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi ƴan wannan gida ne. Ganinsu a sarari yana nufin ruwa da iska sun kwashe duk tsaunin da ke kansu. Wanda ya tsaya a kan irin wannan fa a ƙasar Damagaram, a kan saiwar tsauni yake tsaye.

Sabon ya zo ne bayan ƙura ta lafa da daɗewa. Duwatsu ne masu aman wuta da suka huda nahiyar a tsakiyarta, rufinsu ya rufta, narkakken dutse ya cika tsagun da suka kewaye su, ya bar zobba. Abin lura shi ne shekarunsu suna raguwa daga arewa zuwa kudu a kan layi ɗaya mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Na Abzin suna tsakanin miliyan 480 da 400. Na Damagaram da Muniyo, irin na Zinder da Gure, suna tsakanin miliyan 330 da 260. A Najeriya an fara daga Dutse ta Jigawa wajen miliyan 213, aka bi ta Jos, aka ƙare a Afu wajen miliyan 141. Kuzar Jos da ta Elmeki a Abzin daga wannan gida take. Wasu na cewa nahiyar ce ta ratsa kan wani wuri mai zafi a cikin ƙasa. Wasu na cewa tsofaffin tsagun karo ne suka riƙa motsawa suna buɗe hanya. Na fi karkata ga na biyu, saboda layin zobban ya bi shimfiɗar tsagun, arewa da kudu, kuma tsawon lokacin ya yi yawa a ce murhu ɗaya ne. Ko ma wanne ne, sabon dutsen ta ɗinkin gyartai ya ɓullo.

Manyan ƙwallayen dutsen da suka yi wa unguwar Birni ado, waɗanda Faransawa suka gina barikinsu a kan wasunsu bayan yaƙin Tirmini na ƙarshen Yulin 1899 da suka yi da Sarki Amadu Kuran Daga, ba gangarowa suka yi daga wani wuri ba. A nan aka sassaƙa su. Ruwa ya bi tsagun dutsen yana ƙarƙashin ƙasa, ya cinye kusurwoyi, ya bar tsakiya a mulmule, daga baya zaizaya ta kwashe ruɓaɓɓen ta bar su a kan juna.

Komawa bakin rijiya

Farar ƙasar nan mai marmashewa da mahaƙin ya fito da ita, ruɓaɓɓen giranit ce. Dattawan ba su yi kuskure ba da suka ce alama ce mai kyau, domin a irin wannan ƙasa ruwa wuri biyu kawai yake samun zama: cikin ruɓaɓɓen dutse, da cikin tsagun da ke ƙarƙashinsa. Lafiyayyen giranit ba ya riƙe ruwa ko kaɗan. Abin da ya hana rijiyar shi ne ruɓar ba ta da kauri a wurin, ƙarƙashinta kuma fa ne marar tsaga. Tsohuwar rijiyar kwari kuwa a kan layin tsaga take. Kwarin ma tsagar ce ta haife shi, don a nan dutsen ya fi rauni, a nan ruwa ya fi cinsa.

Daga nan rabon duwatsu gida biyu ya zama maganar tulu da guga. Tsohon dutse ya sha matsi da goga, jikinsa duk tsagu ne da jijiyoyin farin dutse, saboda haka akwai fatan samun ruwa idan aka dace da layi. Sabon giranit bai ga karo ba, dunƙulalle ne, tsagunsa kaɗan. Ko inda aka dace, rijiyar burtsatse a irin wannan ƙasa takan ishi ƙauye da famfon tuƙa-tuƙa, ba ta ɗaukar birni. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Har yau ruwan famfon birnin daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, wuraren da yashi ya yi kauri ko aka fita daga kan giranit. Ƴan garuwa da jerin jarkoki a bakin famfo ba baƙin abu ba ne ga duk wanda ya san birnin.

Ba ruwa kaɗai tsagun suka tsara ba. Zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari, da wadda ta ja dubban mutane zuwa Ɗan Isa a 2021, tana cikin jijiyoyin farin dutse da ruwan zafi ya cika a wannan ɗamara. Kwarin Tarmit, inda ake haƙo man Agadem da ake tacewa a matatar arewacin Zinder tun 2011, ya tsage ne lokacin da Atilantika ke buɗewa, ya sami nahiyar da rauninta a shirye.

Abin da ya dame ni shi ne wannan sani yana kwance a maƙalun Faransanci da Ingilishi, mai rijiya kuma yana aiki da ido da gado. Idonsa yana da kaifi. Ya san gidan gara, ya san itacen da ba ya tsayawa sai inda danshi yake, ya san jeren bishiyoyi a miƙe ba banza ba ne. Abin da yake karantawa tsagun nan ne, ko da bai kira su da sunan da muke kiransu ba. Na ga an kawo injin haƙa wani ƙauye, aka kafa shi a inda ya fi kusa da hanya don sauƙin shigar mota, ba a tambayi kowa ba, ba a auna ƙasa ba, aka yi kwanaki ana niƙa fa, aka naɗe kaya aka tafi. Kuɗin da ya tafi a wannan rami ya ninka abin da awon ƙasa zai ci.

Saboda haka nake kira ga sassan nazarin ƙasa na Jami'ar André Salifou ta Zinder da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da takwarorinsu na Kano da Zariya, tunda ɗamarar ba ta san iyaka ba, su haɗa hannu su fitar da taswirar yankin Tirmini da Takeita da Mirriya mai nuna inda tsohon dutse yake, inda sabo yake, da layukan tsagu, a rubuta bayaninta da Hausa, a zauna da mahaƙan rijiya a sa abin da suka sani a ciki. Hukumomin ƙauyuka da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin haƙa kuma su sa sharaɗi: kada a kafa inji sai an duba taswira an auna ƙasa.